Yadda ake haɗa baƙon injin da giyabos ɗin tsohuwar motar shiga daji

Idan ka raba injin da giyabos ka leƙa bayan injin, za ka ga ramukan bol zagaye da shi, sannan ka ga wasu gajerun fegi biyu na ƙarfe, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Mutane da yawa ba sa ko kallon su. Amma su ne ke riƙe tsakiyar karanshaf, wato babbar sandar injin da ke juyawa, da tsakiyar sandar giyabos a kan layi ɗaya, bol kuwa matsewa kawai yake yi. Ranar da ka ɗauko injin da kamfani bai yi shi don wannan giyabos ba, aikin da fegin nan biyu suke yi ya dawo wuyanka. Galibin motocin da ake kawo mini bayan an canza musu injin, walau Land Cruiser FJ40 ko Land Rover Series ko Jeep CJ, ciwonsu iri ɗaya ne: wanda ya haɗa ya ga bol sun shiga sun matsu, sai ya ɗauka aiki ya ƙare.

Bari mu bi abin daki-daki, amma tun kafin ka ɗaga komai da sarƙa.

Tambayar farko: giyabos ɗin zai ɗauka?

Abin da ke cin giyabos shi ne ƙarfin murɗa, ba yawan doki ba. Injin 2F na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2, yana ba da kimanin Nm 285. Dizal ɗin 1HZ shi ma kusan haka yake, don haka giyabos ɗin da ya saba da na farko ba zai ji baƙunta da ƙarfin na biyu ba. Land Rover Series kuwa labarinta daban ne. Injinta na fetur mai lita 2.25 bai kai Nm 170 ba, amma dizal ɗin 200Tdi da ake yawan sa mata ya haura 250. Ana haɗa su, kuma suna tafiya, sai dai direban ya san cewa giyabos ɗin da sandunan tayar baya aro yake ci a kansu. Wanda ke fizgar kuloci a giya ta ɗaya zai ji ƙara wata rana.

Dizal mai silinda huɗu yana da wata ɗabi'a da takarda ba ta nunawa. Ƙarfinsa ba ya zuwa a santsi, duka-duka yake zuwa, musamman idan injin na juyawa a hankali, kuma haƙoran giya ne ke shan dukan. Cummins 4BT ya fi kowa wannan hali, ga nauyi fiye da kilo 300 da zai hau kan gaban motar. Ni ba na son ganin sa a gaban ƙaramin giyabos mai giya uku irin T-90 na tsofaffin Jeep.

Ka yi lissafin juyi ma. A giyabos H42 na Land Cruiser, giya ta huɗu ɗaya-da-ɗaya ce. Da difaranshal 4.11 da taya mai inci 31, gudun kilomita 100 a awa yana buƙatar injin ya juya kusan sau 2,770 a minti. Injin fetur ba zai damu ba. Babban dizal mai son juyi ƙasa-ƙasa kuwa zai yi ta ihu a kan titi. H55F mai giya biyar, wanda giyarsa ta biyar take 0.845, zai sauko da shi wajen 2,340. Wannan lissafi na minti biyar ya sha canza wa mutane shawara gaba ɗaya.

Ta wace hanya za a haɗa

Mafi sauƙi shi ne ka sami ƙoƙon kuloci, wato belhausin, na kamfani wanda bakinsa na gaba ya dace da sabon injin, na baya kuma ya dace da giyabos ɗinka. Wannan na samuwa idan injin da giyabos 'yan gida ɗaya ne. Ka nema sosai kafin ka fid da rai, domin babu farantin da wani zai yanka maka da zai kai wanda kamfani ya zuba daidaito.

Idan babu, sai farantin haɗi, wanda fuskarsa ɗaya ke ɗauke da ramukan injin, ɗayar kuma ramukan ƙoƙon. Ga injunan da aka saba da su, kamar ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito tun 1955, akwai farantai da ƙoƙuna da ake sayarwa a shirye don Land Cruiser da Jeep. Injunan masana'antu da na manyan motoci kuma da yawansu suna bin ma'aunin SAE, inda bakin gidan filawil (faifan ƙarfe mai nauyi da ke bayan karanshaf) mai lamba 3 yake da faɗin milimita 409.6, mai lamba 4 kuma kusan 362. Idan injinka na cikin waɗannan, rabin awon an riga an yi maka.

Akwai kuma masu kawo injin tare da nasa giyabos, su haɗa shi da ƙaramar giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya, wadda ake kira ogzilari. Idan injin ya fi tsohon giyabos ƙarfi nesa ba kusa ba, wannan ita ce hanyar gaskiya, kuma shi ya sa ake yawan ganin giyabos SM465 ko NV4500 a cikin FJ40 mai V8. Shawarata ita ce kada ka rabu da ogzilarin motar na asali in ba dole ba. A FJ40 da Land Rover Series, difaranshal na gaba da na baya duk sun karkata gefe guda, kuma ogzilarin an yi shi ne ya fitar da farfela ta wannan gefen. A Series da tsofaffin FJ40 har birkin hannu a bayansa yake. Ka canza shi, ka buɗe wa kanka wasu ayyuka uku.

Sauran bayanina a kan farantin haɗi ne, don a nan gizo ke saƙa.

Awon zurfi

Kayan da kake buƙata ba su da yawa: ma'aunin baniya mai wutsiyar auna zurfi, miƙaƙƙen ƙarfe da ka tabbata bai lanƙwashe ba, agogon awo mai gindin maganaɗisu, da takarda da biro. Ka rubuta komai. Kada ka yarda da ƙwaƙwalwarka a kan lambobi takwas.

Ɗora miƙaƙƙen ƙarfen a bakin ƙoƙo yana ɗaure a jikin giyabos. Auna daga nan zuwa kan sandar giyabos, zuwa inda siririn hancinta ya ƙare, zuwa inda haƙoranta suka fara da inda suka ƙare. Sannan ka koma bayan injin ka auna daga fuskar da ƙoƙon zai zauna zuwa fuskar karanshaf, zuwa bakin ramin da ke tsakiyarsa, zuwa ƙasan ramin. Ɗaura filawil ka auna zuwa fuskar da faifan kuloci zai kwanta.

Yanzu ka tuna cewa kaurin faranti yana tura giyabos baya. Faranti mai milimita 15 ya janye hancin sanda milimita 15 daga ramin karanshaf, ya kuma janye haƙoranta daga faifan kuloci. Dole a biya wannan bashi ta wani wuri: ko filawil mai kauri, ko zoben ƙarfe tsakanin karanshaf da filawil, ko dogon bushin. Ko a gida ɗaya ma ana samun wannan. Injunan LS na Chevrolet, da suka fara fitowa a 1997, ramukan bol ɗinsu na baya kusan iri ɗaya ne da na tsohon V8, amma a yawancinsu fuskar karanshaf ta gaza ta tsohon da inci 0.400, kimanin milimita 10. Ƙoƙon zai ɗauru lafiya lau, kuloci ne zai ƙi aiki.

Hancin sandar giyabos yana kwanciya ne a cikin ɗan bushin ko ɗan boris da ke cikin ramin karanshaf. Shi ne matashin sandar ta gaba, in babu shi sai ta riƙa lilo. Injin da aka ciro daga mota mai giya otomatik ba ya zuwa da shi, ba ya zuwa da filawil ma, sai wani siririn faranti. 1UZ-FE na Toyota misali ne: kamfani bai fitar da shi da giyar hannu ba, don haka filawil da bushin duk sai an nemo ko an yi. Idan mai injin fiƙe ƙarfe zai yi maka bushin, ka ba shi tagulla mai shan mai, irin wadda aka yi don wannan aiki. Ka gwada ta da maganaɗisu. In ya kama, akwai baƙin ƙarfe a ciki, kuma zai ci hancin sandar. Ramin bushin ya fi hancin faɗi da kimanin milimita 0.05 zuwa 0.08. Ni ina son hancin ya shiga aƙalla milimita 10, kuma ya rage milimita 2 zuwa 3 kafin ya taɓa ƙasan rami.

Wannan ratar ta ƙarshe ba wasa ba ce. Idan sanda ta dogara da karanshaf tana tura shi gaba, metal ɗin da ke tare karanshaf daga zamewa gaba da baya ne zai ƙone, kuma injin da ka saya da lafiyarsa zai mutu ba tare da laifinsa ba. Gwajin mai sauƙi ne. Kafin ka haɗa, sa agogon awo a hancin karanshaf ta gaba, ka tura shi gaba da baya da ƙarfe, ka rubuta wasan da yake yi. A yawancin injuna ba ya wuce 'yan ɓurɓushin milimita, kamar 0.05 zuwa 0.25. Bayan ka ɗaure giyabos ka sake gwadawa. Idan wasan ya ragu ko ya ɓace, kwance. Akwai abin da ke tokare.

Kuma kada ka taɓa jawo giyabos da bol. In ya rage yatsa guda ya ƙi shiga da hannu, yana gaya maka wani abu ne.

Tsakiya da tsakiya

Cire kuloci, bar filawil. Ɗaura faranti da ƙoƙo ba tare da giyabos ba, ka matse bol yadda za su zauna a ƙarshe. Manna gindin agogon awo a jikin filawil, ka sa allurarsa ta taɓa cikin zagayen ramin da ke bayan ƙoƙo, inda wuyan giyabos ke shiga. Mayar da agogo sifili. Wani ya juya karanshaf a hankali ta gaba, kai kana kallon allura har ta zagayo inda ta fara. In ba ta dawo sifili ba, gindin ya motsa, sake.

Tazarar da ke tsakanin mafi girman lamba da mafi ƙanƙanta, rabinta shi ne yadda tsakiyar ƙoƙo ta kauce daga tsakiyar karanshaf. Abin da masu ƙera giyabos suka saba yarda da shi shi ne kaucewar da ba ta wuce inci 0.005 ba, wato milimita 0.127, ma'ana agogo ya nuna abin da bai wuce milimita 0.25 ba gaba ɗaya. Kaurin takarda ɗaya ke nan da ɗan ɗori.

In ya wuce, akwai fegi masu karkataccen kai da ake yi don gyaran wannan, galibi na inci 0.007 da 0.014 da 0.021. Misali agogo ya nuna milimita 0.70, rabi 0.35 ke nan, sai fegi na inci 0.014. Ka sa su biyun suna fuskantar waje ɗaya, ka sake awo, ka ɗan juya su, ka sake awo, har allura ta natsu. Aiki ne mai cin rai, ƙoƙon zai sauka ya hau sau da yawa.

Idan farantin naka ne ka sa aka yanka, ga yadda nake yi. Ba na barin a huda ramukan fegi na ɓangaren ƙoƙo tukuna. Sai in ɗaura ƙoƙon da bol ba a matse can ba, in riƙa ƙwanƙwasa shi da gudumar roba ina duba agogo har ya zo tsakiya, in matse, in sake dubawa, sannan a huda ramukan fegi biyu a wurin, ƙoƙo da faranti tare, a gyare su da rima. Daga ranar, duk wanda ya kwance ya mayar, a tsakiya zai zauna. A giyabos ɗin da babu irin wannan rami a fili, sai a zazzage cikinsa a zura miƙaƙƙiyar sanda ta mazaunin boris, a yi awon da ita.

Sai ka juya allurar ta taɓa fuskar ƙoƙon ta baya, don ka ga ko ya kwanta daidai da filawil. A nan ina neman abin da bai wuce milimita 0.05 ba. Ka riƙa tura karanshaf waje guda kafin kowane karatu, in ba haka ba wasansa zai yaudare ka. Sau da yawa abin da ke ɓata wannan awo fenti ne, ko tsatsa, ko ɗan tudun da guduma ta bari.

Motar da aka tsallake mata wannan awo tana da alamu: giya ta huɗu na fita da kanta idan ka saki totur, boris ɗin gaba na giyabos na kuka, bushin na cinyewa a gefe ɗaya, tsakiyar faifan kuloci na tsagewa. Sai a yi ta canza kayan kuloci ana zagin masu ƙera su.

Kuloci da abin da ke kewaye da shi

Faifan kuloci bawan iyayengiji biyu ne. Haƙoran tsakiyarsa na giyabos ne, faɗinsa kuma na filawil da murfin kuloci. Ƙirga haƙoran sandar ka auna kaurinta, domin yawan haƙora kaɗai bai isa ba. Zura faifan a sandar da hannu, ya zame ba cijewa ba kuma girgiɗi. Ka duba da awon da ka rubuta cewa dukan haƙoran faifan za su hau kan haƙoran sanda, ba rabi ba. Ɗora shi a filawil ka juya, ka tabbata sifirin ɗinsa ba sa taɓa kan bol ɗin filawil, ka bar rata domin faifai na sirancewa da aiki.

Murfin kuloci ya zama mai matsin da ya dace da ƙarfin sabon injin. Amma ba na son kuloci mai cizo fiye da kima a gaban tsohon giyabos. Gara faifai ya ɗan zame a ranar wahala da a ce haƙoran giya ne suka zube.

Boris ɗin da ke danna yatsun murfi shi ma sai an auna. Idan irin mai famfo ne da ke zagaye da sanda, auna daga bakin ƙoƙo zuwa fuskarsa yana can baya, ka auna daga bayan injin zuwa yatsun murfi bayan an ɗaure kuloci, ka cire. Ratar da ake nema kimanin milimita 3 zuwa 5 ce, saboda yayin da faifai ke cinyewa yatsun baya suke tahowa. Idan mai cokali ne, ka gyara tsawon dunƙulen da cokalin ke lilo a kai yadda zai miƙe sosai a tsakiyar tafiyarsa. Yatsu masu lanƙwasasshen kai suna son boris mai shafaffiyar fuska, miƙaƙƙun yatsu kuma mai tudun fuska. In kuloci bai saki sosai ba, famfon sama, wato na feda, mai faɗin ciki zai ƙara tafiya, amma ƙafa za ta ji nauyi. In tafiyar ta yi yawa, sa abin tokare feda, don danna yatsu fiye da iyakarsu na lalata murfi.

Filawil na injin ne, ba na giyabos ba. Wasu injunan daidaiton nauyinsu a jikin filawil yake, kamar Chevrolet 400, da ƙananan V8 ɗinsu na 1986 zuwa sama kafin zuwan LS. Ka sa musu filawil da ba nasu ba, mota za ta yi ta karkarwa. Wasu kuma na'urar da ke gaya wa kwamfutar injin inda karanshaf yake daga filawil take karantawa, kamar Jeep 4.0 da na'urarsa ke zaune a jikin ƙoƙo. Ka canza ƙoƙon ba ka yi mata mazauni ba, injin ba zai tashi ba. Bol ɗin filawil ka sa na asali, ka matse da sufana mai awo bisa littafin injin.

Kik kuma ka gwada shi kafin giyabos ya rufe wurin. Chevrolet kaɗai tana da filawil mai haƙora 153 da mai 168, kowanne da kik ɗinsa. Turo ɗan giyan kik da hannu ya shiga haƙoran filawil, ka ga ya shiga sosai kuma akwai 'yar rata ta rabin milimita zuwa ɗaya a gindin haƙori.

Zama a cikin shasi

In zai yiwu, bar giyabos a mazauninsa na asali, injin ya bi shi. Ta haka farfela biyu da sandar canza giya duk suna nan inda suke. Rataye injin, ka ɗiɗɗiga walda a mazaunan, kada ka cike tukuna. Duba tasar bakin mai da difaranshal na gaba, ba yadda motar take tsaye ba, yadda za ta kasance idan ta faɗa rami sifirin ya matse har ƙarshe. Duba farfelar gaba, akwatin sitiyari, salansa, da ratar fanka da lagireto. Fuskar da farfela ke ɗaurewa a ogzilari da ta difaranshal su kasance sun kalli juna daidai, bambancin bai wuce digiri ɗaya ba. Injin da giyabos duka su zauna a kan roba. Shasin motar daji murɗewa yake yi, in ka kafe injin da ƙarfe zalla ƙoƙon ne zai tsage.

Daga fetur zuwa dizal, ka tuna birki mai sabo (servo, mai rage wa ƙafa nauyi) yana buƙatar famfon zuƙar iska, kuma wasu dizal ɗin Land Cruiser lantarkinsu na volt 24 ne. Lambar sabon injin ma a shigar da ita takardun mota yadda dokar ƙasarka ta tanada.

Ranar tayarwa, kafin mota ta motsa, taka kuloci ka ƙirga uku ka sa ribas. A waɗannan tsofaffin giyabos ribas ba shi da zoben daidaita gudu, don haka ba ya ɓoye komai. In ya shiga shiru, kuloci na saki. In ya yi ƙara, ko kuloci bai saki duka ba, ko bushin ya riƙe hancin sanda. Fitar da iska daga famfo ka sake gwadawa, in bai daina ba sai a sauke. Bayan tafiya ta farko ka bi bol ɗin faranti da na mazaunai ka sake matsewa.

Kada ka bar ƙasan ƙoƙo a buɗe, farantin haɗi yakan bar gibi inda murfin ƙura na asali ya daina dacewa. Yanka gwangwani mai kauri ka rufe, amma ka bar ƙaramin rami a can ƙasa. Land Rover ta yi wa nata ramin toshi mai zare: ana ɗaura shi idan za a tsallaka ruwa ko taɓo, a cire bayan an fito, domin in man injin na ɗiga ta bayan karanshaf ya sami hanyar fita kafin ya jiƙa faifan kuloci. Ka sa a yi wa naka irinsa.